Tumbuɗin Jariri da Batun Sauya Madara

Tumbuɗi, wato dawowar madara ta bakin jariri bayan ya sha, yana faruwa ne saboda tsokar da ke rufe mashigar ciki ba ta yi ƙwari ba, kuma yakan ƙaru wajen wata 4 kafin ya lafa dab da cika shekara. Sauya madarar gwangwani ba kasafai yake magance shi ba, domin yawancin madarar jarirai daga nonon saniya ake sarrafa ta; shayarwa kaɗan-kaɗan da sa jariri gyatsa sun fi amfani. Idan kuwa akwai ƙuraje, rama ko jini a kashi, likita kan gwada madarar da aka farfasa furotin ɗinta, amma koren amai yana buƙatar asibiti nan take.