Me Ya Sa Gogenka Ke Saɓa wa Fiyano a Situdiyo?

Da an shiga kaka, an kai masara da auduga kasuwa, bukukuwa sun kankama a Funtua da Malumfashi, ƙananan situdiyo sai su cika da masu son waƙar amarya. Da yawa cikin ɗalibanmu da wannan aikin suke haɗa kuɗin makaranta. Sai dai akwai matsalar da ke sa uwar biki ta fasa cika kuɗi: an ɗora goge ko sarewa daga tarin samfura, amma yana saɓa wa fiyano, kamar kowa waƙarsa daban.

Kafin ka taɓa komai, ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Duka ne suka kauce daidai wa daida, ko biyu-uku kawai?

In duka ne, fara duba fiyanon kanta, don wani lokaci wanda ya riga ka zama ya ɗaga kii bai mayar ba. In ba nan ba ne, to kusan kullum laifin tushen sauti ne. Manhaja ba ta da kunne. FL Studio ɗauka take samfurin da ka jefa mata C5 ne, sai dai in fayil ɗin ya zo da nasa bayanin. Idan mai gogen D ya ja, duk C da ka danna D za ta fito, komai ya haura mataki biyu. Maganin: auna samfurin da manhajar auna sauti, ko ta waya ce, sannan ka mayar da tushen kan D5. A kula kuma da sunaye: C ta tsakiyar fiyano, FL Studio na ce mata C5, Yamaha na ce mata C3, littattafai kuma C4. Shi ya sa wani samfurin ke fitowa siriri kamar kukan sauro.

In kaucewar ta kai wajen mataki ɗaya da rabi, duba saurin ɗauka. Sautin da aka ɗauka a 44,100 aka kunna shi a matsayin 48,000 zai haura da kimanin santi 147, kuma santi 100 ne mataki guda. Yawancin manhajoji na daidaita wannan da kansu, amma fayil ɗin da ya sha yawo daga filasha zuwa filasha ba abin yarda ba ne.

In kuwa maɓallai kaɗan ne suka kauce, wani ne ya yi wa fayil ɗaya suna ba daidai ba. Nemo shi ka gyara shi kaɗai.

Inda na fi son mu tsaya shi ne kayan kiɗanmu na gida. Fiyano an ɗaure ta ne a kan A ta 440, an raba zangonta gida 12 daidai. Goge bai san wannan doka ba: izgar doki ce da fata, mai shi da muryar mawaƙinsa yake saita shi. Fatar ma da hunturu ɗamewa take, sauti ya haura, da damina ta saki. Samfurin Janairu da na Agusta ba lallai su jitu ba, ko da goge ɗaya ne. Kalangu kuwa ba shi da sauti tsayayye sam. Matse shi a hammata ne ke sa shi magana. Duk wanda ya saurari makaɗan Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtua ya kuma rasu a 1999, ya san wannan lanƙwasar ita ce kiɗan.

A ganina, a matsar da samfurin gaba ɗayansa da ’yan santi har ya zauna da fiyano, amma kada a bi kowane sauti ana miƙe shi da Auto-Tune, don abin da zai fito ya tashi daga goge. In gogen ne ke jan waƙar, fiyanon ma ana iya saukar da ita ta same shi. Masu ɗaukar samfuri da kansu kuma, ku ɗauke duka a zama ɗaya, ku rubuta sautin da ranar a sunan kowane fayil.