Zobe: An san yawan ruwan dam, ba a san yawan mutanen da ke bakinsa ba

Duk wanda ya tambayi injiniyoyi labarin madatsar ruwa ta Zobe da ke Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma a Jihar Katsina, zai samu amsa dalla-dalla. Tsawon bangonta mita 2,750 ne, tsayinsa mita 19, kuma an gina ta ne domin ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170.

Amma da zai sake tambaya, ya ce mutum nawa ne ke zaune a Garhi da Makera da sauran ƙauyukan da suka kewaye ruwan, sai dai a yi masa kintace. Rabon da a bi gida-gida a ƙirga mutanen wannan yanki tun shekarar 2006.

Daga wancan lokaci zuwa yau an kafa jami'a a Dutsin-Ma, an fara tura ruwan Zobe zuwa birane, sannan matsalar 'yan bindiga ta tayar da ƙauyuka da dama daga mazauninsu. Yankin ya sauya, amma alƙaluman da hukuma ke aiki da su suna nan yadda suke.

Dutse ya riga ruwa

Tarihin wannan yanki bai fara da dam ba. Labarin da ake bayarwa kaka da kakanni shi ne, garin Dutsin-Ma ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da ke tsakiyar garin a yau. A hankali manoma da makiyaya suka yi ta taruwa a gindin dutsen, har wurin ya zama gari.

Hakimin Dutsin-Ma shi ne Yandakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki a Masarautar Katsina tare da Ƙaura da Galadima da Durɓi. Masana tarihi na danganta gidan Yandaka da Malam Na Alhaji, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina a farkon ƙarni na 19. A maƙwabciyarta Kurfi kuwa, Maradin Katsina ne hakimi.

Dutsin-Ma ta zama ƙaramar hukuma a 1976, lokacin da aka yi wa tsarin ƙananan hukumomi garambawul a faɗin Najeriya. A wancan zamani yankin na ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna ne, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A yau Dutsin-Ma da Kurfi mazaɓar tarayya ɗaya suke, ɗan majalisar wakilai ɗaya ke wakiltar su a Abuja.

Kafin zuwan dam, rayuwar ƙauyukan da ke bakin Kogin Karaduwa irin ta sauran ƙauyukan ƙasar Hausa ce. Da damina a noma gero da dawa da gyaɗa da wake, da rani kuma kogi ya janye ya bar yashi, matasa su tafi cin-rani, makiyaya su nausa kudu neman ruwa da ciyawa.

Farin da ya haifi dam

Babban farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi masu yawa, ya kuma bar rumbuna wayam a Arewacin Najeriya da Nijar. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta lokacin ta koma ga tunanin tare ruwan damina domin a yi noma da shi da rani.

An kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Sakkwato-Rima, wadda Zobe ke ƙarƙashinta. Kuɗin man fetur na shigowa, sai aka shiga gina manyan madatsun ruwa: Tiga a Kano, Bakolori a kan Kogin Sakkwato, Goronyo a kan Kogin Rima.

An tsara aikin Zobe a ƙarshen shekarun 1970, aka kammala bangon a 1983, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari. Manufar biyu ce: a shayar da gonaki kimanin hekta 8,000 da rani, a kuma samar wa Katsina da garuruwan da ke kusa ruwan sha.

Sai dai dam ɗin ya zo a ƙurarren lokaci. Farashin mai ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sanyi, kuma a ranar ƙarshe ta 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari. Ruwa ya taru a bayan bango, amma magudanan da za su raba shi zuwa gonaki ba a shimfiɗa su yadda aka tsara ba.

Wanda ya san Kadawa da Kura a Jihar Kano zai gane girman abin da aka rasa. Can an haɗa ruwan Tiga da magudanai, shi ya sa shinkafa da tumatir da alkama suka mayar da ƙauyuka manyan kasuwanni. A Zobe kuwa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mutanen da ruwa ya tara

Duk da haka, ruwa ba ya zama banza. Tafkin ya mamaye dubban hekta na ƙasar da a da gonaki ne da fadamu da burtalai, amma ya buɗe wasu ƙofofin neman abinci da babu su a da.

Kamun kifi ya zama sana'a. A bakin ruwa a wurare irin su Garhi da Makera ana sauke karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa. Bayan masunci akwai mai sassaƙa kwalekwale, da mai gyaran koma, da dillali, da matan da ke soya kifi ko banda shi, da ɗan acaɓan da ke kai shi kasuwa.

Manoman rani su ma ba su jira gwamnati ba. Da ƙananan injinan ban-ruwa suka yawaita, sai mai hali ya sayi nasa, ya ja ruwa zuwa gonar da ke kusa da gaɓa, ya shuka tumatir da albasa da attaruhu da masara. Iyakar wannan noma ita ce iyakar tsawon tiyo da kuɗin man da manomi zai iya saye.

Ga makiyaya kuma, Zobe ta zama mashaya mai tabbas a watannin da rafuka ke ƙafewa. Kasuwar Dutsin-Ma da ke ci ranar Laraba ita ke haɗa waɗannan duka: hatsi, dabbobi, kifi da kayan lambu.

Zama kusa da ruwan da ba ya gudu yana da nasa haraji. Sauro na samun wurin hayayyafa, ga kuma cutar tsargiya da ke kama yaran da ke wanka da wasa a ruwa. Irin waɗannan ƙauyuka na buƙatar asibiti da magani daidai da yawan mutanensu, kuma a nan ne rashin ƙidaya ke fara ciwo.

Jiran shekara 29

Ɓangaren ruwan sha ma ya sha jira. An fara aikin tace ruwan Zobe da shimfiɗa bututu a 1992, aka yi ta farawa ana tsayawa, gwamnati na zuwa tana wucewa. Birnin Katsina ya ci gaba da dogaro da madatsar Ajiwa da rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa.

Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Shekara 29 ke nan da fara shi, shekara 38 da kammala dam ɗin. Wani abin lura shi ne, Buharin ne ya karɓi mulki bayan juyin mulkin da ya kawo ƙarshen gwamnatin da ta kammala bangon.

Yaron da aka haifa shekarar da aka fara aikin bututun, ranar ƙaddamarwa ya riga ya zama magidanci da 'ya'ya. Ma'ana, aikin da aka auna da mutanen 1992, mutanen 2021 ne suka karɓe shi.

Jami'a da gudun hijira

Abubuwa biyu ne suka fi sauya fuskar yankin a 'yan shekarun nan, kuma dukansu bayan ƙidayar 2006 suka faru.

Na farko shi ne Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011. Dama garin na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Zuwan jami'a ya kawo dubban ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasar nan. Gonakin bayan gari suka koma filaye, filaye suka koma gidajen haya, kuɗin haya ya tashi, shaguna da gidajen abinci suka ƙaru.

Na biyu shi ne rashin tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi na maƙwabtaka da Safana da Batsari da Ɗanmusa, waɗanda ke bakin dajin Rugu. A watan Afrilun 2020, 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 47 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. A watan Oktobar 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar.

Duk lokacin da aka kai hari, mutanen ƙauye kan kwashi mata da yara su nufi gari. Wasu su koma idan ƙura ta lafa, wasu su zauna ke nan a gidajen dangi ko kangwaye. Ƙauye ya ragu, gari ya kumbura, amma a takarda kowa na nan inda aka bar shi a 2006.

Abin da alƙaluma suka ce

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma mutum kimanin 170,000, Kurfi kuma kimanin 117,000, daga cikin mutum miliyan 5.8 na Jihar Katsina. Sakamakon da aka fitar ya tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, bai sauka zuwa ƙauye-ƙauye ba.

Tun daga nan lissafi ake yi. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, sukan ninka cikin kusan shekara 24. Da wannan ma'auni, ƙananan hukumomin biyu sun doshi ninkin yawansu na 2006. Amma lissafi irin wannan bai san an buɗe jami'a ba, bai san ƙauyen da ya watse ba, bai san unguwar da ta tsiro a bayan gari ba.

An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. A Amurka, tsarin mulki ne ya wajabta ƙidaya duk shekara goma, ana yin ta tun 1790, kuma ko ƙaramar unguwar bayan gari na da adadinta a rubuce. Kusa da mu, Ghana ta yi tata a 2021.

Me ya sa ya dame mu?

Wani zai ce ƙidaya ba ta cika tulu. Gaskiya ne, amma da ita ake sanin tulu nawa ke jira. Da ita ake sanin ajujuwa nawa makarantar firamare ke buƙata, allurar rigakafi nawa za a kai, girman bututun da za a ja wa unguwa, da yawan jami'an tsaron da za a tura.

Akwai kuma batun adalci. Ruwan da ake tacewa a tura birni daga ƙasar waɗannan ƙauyuka yake fitowa, kuma gonakin iyayensu ne a ƙarƙashinsa. Idan ba a san yawansu ba, da wuya a san rabon da ya kamata su samu na famfo da magudanan noman rani da hanya.

Shi ma dam ɗin ba zai jira har abada ba. Kowace damina kogi na kawo yashi da laka ya zube a cikinsa, wanda ke rage yawan ruwan da zai iya riƙewa. Mutane na ƙaruwa, mazubin na raguwa.

Kafin a yi ƙidayar ƙasa, akwai abin da za a iya farawa da shi. Masu unguwanni da dagatai sun san gidajen da ke ƙarƙashinsu, sun san baƙin da suka sauka da waɗanda suka tashi. Jami'ar da ke garin na da malamai da ɗaliban da za su iya mayar da wannan sani rubutaccen adadi, mazaɓa bayan mazaɓa, idan ƙananan hukumomin biyu da gwamnatin jiha suka ba da goyon baya.

Sama da shekara 40 ke nan ana auna ruwan Zobe. Lokaci ya yi da za a ƙirga masu shan sa, a fara da waɗanda ke kwana suna tashi a bakinsa.