NNPP: Wa ke riƙe da jam'iyyar, kuma su wane ne zaɓaɓɓunta?

Duk mai zuwa Kano daga Maraɗi ko Damagaram ya saba ganin jajayen huluna a tasha da kasuwa. Da yawa daga cikin masu sauraronmu suna ɗauka Kwankwasiyya da NNPP abu guda ne. To, ba haka zancen yake ba, kuma bambancin nan shi ne tushen rigimar da jam'iyyar ta shiga bayan zaɓen 2023. Bari mu warware muku.

Mafarin jam'iyyar

NNPP ta girmi shigar Kwankwaso da kusan shekara 20. Dokta Boniface Aniebonam, wani ɗan kasuwa daga kudancin Najeriya, shi ya kafa ta, kuma ta daɗe ba a jin ɗuriyarta. A watan Maris na 2022 ne Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya yi gwamnan Kano sau biyu, ya fice daga PDP ya shigo da jama'arsa. A Najeriya doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai da jam'iyya. Ke nan shi yana da mutane yana neman rumfa, su kuma suna da rumfa ba mutane.

Abin da ta samu a 2023

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, Kwankwaso ya zo na huɗu da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi. Kusan miliyan ɗaya daga ciki a Kano kaɗai aka jefa su. Dokar Najeriya kuwa ta ce mai son zama shugaban ƙasa sai ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, don haka jiha guda, komai yawan jama'arta, ba ta kai mutum fadar Abuja.

Sai dai ƙasa-ƙasa ta yi rawar gani. Abba Kabir Yusuf ya ci kujerar gwamnan Kano ranar 18 ga Maris, ya kada Nasiru Gawuna na APC. Jam'iyyar ta samu sanatoci 2 cikin 109, wato Rufa'i Hanga da Kawu Sumaila, da ƴan majalisar wakilai 19 cikin 360, waɗanda mu a nan muke ce wa depite, mafi yawansu ƴan Kano. Ta kuma samu rinjaye a majalisar dokokin jihar.

Kujerar gwamnan ma ba ta zo da sauƙi ba. A Satumba 2023 kotun ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 ta ba Gawuna nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan tsige Abba, har ta ce bai cika ɗan jam'iyya ba lokacin da aka tsayar da shi. Sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta maida masa kujerarsa.

Rigimar shugabanci

Ana gama zaɓe shugaban jam'iyyar na ƙasa, Farfesa Rufa'i Ahmed Alkali, ya yi murabus. Kafin shekara ta ƙare gida ya rabu biyu. Ɓangaren Aniebonam da Agbo Major, masu cewa su ne ƴan asali, suka sanar da dakatar da Kwankwaso, daga baya suka ce sun kore shi. Ɓangaren Kwankwaso, wanda ke riƙe da kwamitin gudanarwa a lokacin, shi ma ya kori nasu. A 2024 wanga ɓangare ya canza tambarin jam'iyyar, aka ajiye kwandon kayan marmari aka ɗauki littafi da hular kammala karatu, abin da ya ƙara hura wutar shari'a.

Me ya sa wannan ya shafi mai jefa ƙuri'a?

Ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 68 na tsarin mulkin Najeriya ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a ƙarƙashinta zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu. Wato da zarar shugabanni sun yi faɗa, ƙofa ta buɗe wa zaɓaɓɓu su tafi da kujerunsu. Haka Sanata Kawu Sumaila ya koma APC a 2025, yana kafa hujja da rikicin cikin gida. Talakan da ya sha rana a layi ya zaɓi kayan marmari, sai ya wayi gari wakilinsa yana ƙarƙashin tsintsiya, ba wanda ya sake tambayar ra'ayinsa.

Don haka in kun ji ana cewa ƙaramar jam'iyya tana tasowa, ku tambayi abu uku: sunan wa ke gaban hukumar zaɓe a matsayin shugabanta, a jihohi nawa take da zaɓaɓɓu, kuma nawa daga cikinsu ke tare da ita har zaɓe na gaba.