Motar lantarki ta shigo gida: abin da masu ita ke gani a watannin farko

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanta da yawa a Najeriya suka fara yi wa motar lantarki kallon sha'awa. Ba baƙuwa ba ce can. Kamfanin Stallion ya haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, a 2021 kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Yanzu ga ƙirar ƙasar Sin irin su BYD suna ta shigowa.

Ga wanda ya saya, makon farko sai sambarka. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu juye, babu canjin fulogi. Ana taɓa totur mota ta zabura, ana ɗaga ƙafa ta rage gudu da kanta, tana mai da wuta cikin batir, har birki ya daɗe bai cinye ba.

Hankalin maigida yakan dawo jikinsa ne ranar da batir ya yi ƙasa. Babban batirin Kona yana ɗaukar yunit 64 na wuta. Idan an kafa mata cajarta ta musamman a bango, awa tara zuwa goma ta cika. Idan kuwa soket ɗin ɗaki aka jona, abin ya haura yini da kwana, kuma fa sai in wutar ba ta ƙifta ba. A farashin da aka yanka wa 'yan rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, a watan Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, cika batirin ya kama naira 14,400, ban da 'yar asarar da ake yi wajen caji. Wannan araha ce ƙwarai idan aka kwatanta da fetur. Sai dai lissafin na mai wuta ne. Wanda unguwarsu ke ganin wuta awa huɗu a rana, ya koma caji da janareta, man da ya gudu shi zai riƙa saye a jarka. Masu sola su ma su auna: batirin gida da ake yawan sawa yunit biyar yake ɗauka, sai an jera fiye da goma sha biyu kafin su kai na motar.

Kafin mota ta iso, ya kamata ƙwararren mai aikin wuta ya duba wayoyin gidan. Siririyar waya da soket mai araha, idan suka kwana suna jan wuta mai nauyi, zafi suke yi har roba ta narke.

Akwai kuma maganar bakin caja, wadda dillalai ba su cika ɗagawa ba. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin bakinta GB/T ne, ta Turai CCS2, ta Amurka kuma wani daban. Mutum na iya isa tashar caji da sauran numfashi kaɗan a batir, ya tarar kan cajar bai shiga motarsa ba. Wasu motocin ma allon gabansu da harshen Sinanci yake magana.

Nisan da aka rubuta a takarda shi ma ba wahayi ba ne. An ce Kona tana cin kusan kilomita 480 a caji ɗaya, amma a gwaji aka samu wannan. A zuba iyali da kaya, a ƙure na'urar sanyi cikin zafin Afrilu, a hau babban titi a taka, lamba sai ta riƙa zubewa a kan idon direba. Zafi kuma yana tsufar da batir: a 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka cewa batiransu sun rage ƙarfi da wuri. Mai mota a Maiduguri ko Yamai ya nemi inuwa, ya kuma bi littafin motar kan iyakar cajin yau da kullum, domin wasu batiran kashi 80 ake so, wasu kuma ana son a riƙa cika su.

Abin da ya fi ba sababbin masu ita mamaki shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfutar motar. Idan ya mutu, ko babban batir yana cike maƙil, ba inda za ta. A watan Maris na 2024 Hyundai da Kia suka kira motoci kimanin 147,000 a Amurka saboda na'urar da ke caja wannan ƙaramin batir tana lalacewa. Kafin nan, a 2021, Hyundai ta kira motoci kusan 82,000 a duniya, galibinsu Kona, don canja musu babban batir bayan wasu sun kama da wuta. Wanda ya saya a hannun wakilin kamfani kyauta aka yi masa. Wanda ya sayo ta hannun ɗan kamasho, babu garanti, wa zai kira shi?

Bakaniken bakin hanya, komai gwanintarsa, kada ya taɓa wayoyin motar masu launin ruwan lemo. Ɗaruruwan bolt ke bin su, suna kisa. Idan ta tsaya, ba a ɗaura mata igiya a ja, ɗora ta ake yi a kan motar ɗaukar mota. Batirin a ƙarƙashi yake, don haka dogon tudun rage gudu da kwatami mai zurfi sai an lallaɓa. Nauyinta yana saurin cinye taya.

Ga gida mai yara kuwa, shirunta abin lura ne. Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motocin lantarki na'urar da ke fitar da sauti idan suna tafiya a hankali. Ya kamata mai saye ya tabbatar tasa tana da ita kuma tana aiki, sannan ya zagaya motar ya duba kafin ya ja da baya a tsakar gida.