Masaukin Hutu a Legas: Raddi ga Masu Cewa Hoto Ya Isa Shaida

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mutanenmu masu zuwa Legas hutu, musamman amare da angwaye da magidanta masu kai iyali ganin teku a watan Disamba. Fahimtar ita ce, idan za ka kama gidan haya na 'yan kwanaki, irin wanda mutanen Legas ke kira shotlet, hotunansa za ka bi. Wanda ya fi ƙawa, ya fi kusa da ruwa, kuɗinsa kuma ya ɗan ɗaga, shi ne na kirki. Ina ganin wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi da ɓata rai, shi ya sa na ga ya dace a zauna a warware shi.

Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne a faɗe ta yadda take. Suna cewa mutumin da ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba shi da hanyar ganin gida a Lekki sai ta waya, kuma gani ya kori ji. Suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska: mai gidan da ya kashe kuɗi ya zuba kujeru na alfarma, ya rataya labule masu tsada, ya shimfiɗa tayil mai sheƙi, da wuya ya yi sakaci da sauran abubuwa. Suna ƙarawa da cewa ai teku aka je gani, don haka duk abin da ya matso da kai bakinsa riba ce, kuma araha ba ta ado. Magana ce ta masu hankali, sai dai an gina ta a kan zaton cewa abin da ke sa masauki ya yi daɗi a Legas abu ne da kyamara ke iya ɗauka.

Mu fara da batun ado. Kayan ɗaki sau ɗaya ake sayensu, su yi shekaru suna jawo baƙi. Wuta da ruwa kuwa kullum ake biyansu, kuma ba sa fitowa a hoto. Duk mai gidan da jarinsa bai kai ya yi duka biyun ba ya san inda zai zuba kuɗin, domin ya san abin da mai kama ɗaki ke kallo. Saboda haka kyan falo ba ya nuna an kula da gida gaba ɗaya. Abin da yake nunawa shi ne an kula da ɓangaren da ke sayar da gidan.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin Band A, ya kai naira 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Man janareta ma tsadarsa ba ɓoyayya ba ce. Wannan ya sa kalmar "wuta awa 24" da ake rubutawa a talla take ɗauke da ma'anoni da yawa. A wani gidan gaskiya ce tsantsa. A wani gidan ana nufin idan NEPA ta ɗauke, inbata za ta riƙe ƙwan fitila da fanka da talabijin, amma ba za ta ja na'urar sanyaya ɗaki ba. A wani kuma janaretan na unguwa ne gaba ɗaya, yana da lokacin kunnawa da lokacin kashewa. Akwai ma inda za a miƙa maka mabuɗi da 'yan yunit kaɗan a mita, idan sun ƙare kai za ka sayi kati. Ɗan Arewa yakan raina wannan batu, yana ganin wanda ya sha zafin Afrilu a Maiduguri me Legas za ta nuna masa. Amma zafin bakin teku daban yake. Iskar cike take da danshi, gumi ba ya bushewa a jiki, kuma sababbin gidajen nan masu bangon gilashi an zana su ne da zaton na'ura ba za ta taɓa tsayawa ba, wasu tagoginsu ko buɗuwa ba sa yi sosai.

Ruwa ya fi wuta ɓoyuwa. Yawancin gidajen Lekki da rijiyar burtsatse suka dogara, ƙasar wurin kuwa yashi ce da fadama tsakanin teku da tafki. Ruwan da ke fitowa a wurare da dama yana da zartsi, ga sinadarin ƙarfe da ke sa shi ya yi ja-ja ko ruwan ɗorawa, wani lokaci har da wari. Gidan da ya san abin da yake yi yana da na'urar tace ruwa da ake kula da ita, ko kuma yana sayen ruwan tanka. Wanda bai yi haka ba, bandakinsa zai iya kasancewa da madubi zagayayye mai fitila da famfo mai launin zinariya, amma ka tara farin bokiti ka bar shi minti goma, za ka ga abin da ya kwanta a gindinsa. Da wannan ruwan za ka yi alwala, da shi uwargida za ta wanke wa jariri jiki, kuma farar shaddar da ka zo da ita don Juma'a idan ta shiga cikinsa sau ɗaya ta canza kama ke nan.

Sai hujjar kusanci da teku, wadda ita ce ta fi rinjayar mutane, kuma ita ce ta fi bukatar bayani. Legas birnin tashar jiragen ruwa ce kafin ta zama wurin shaƙatawa, kuma bukatar jirage ce ta tsara gaɓarta. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen shingayen duwatsu a mashigin tashar don manyan jirage su samu shiga. Shingayen suka tare yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, sai teku ya dinga cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawowa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Maganin da aka yi shi ne cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic, aka kewaye shi da katangar duwatsu. Bar Beach ɗin da iyayenmu suka ɗauki hoto a bakinsa, wanda har yau wasu ke zuwa Legas da sunansa a baki, babu shi. A ƙarshen Afrilun 2024 kuma aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark Beach don shimfiɗa babban titin gaɓar teku da zai tashi daga Legas zuwa Kalaba. Hotunan da aka ɗauka kafin wannan lokaci ba su ɓace daga intanet ba, kuma hoto ba ya zuwa da kwanan wata a goshinsa.

Ko inda gaɓar take nan, kamar Elegushi, ƙofa gare ta, sai ka biya ka shiga, ko da gidanka na kallonta. Tekun Atilantika a wannan yanki yana da igiya mai ƙarfi da ke janye mutum ciki, ba wurin da za a saki yara ba ne. Inda ruwan ya fi kwanciya shi ne Tarkwa Bay, saboda shingayen nan na tashar sun kare shi, kuma can sai da kwalekwale ko jirgin ruwa ake zuwa, daga kowace unguwa ka taso. Sannan da yawa daga gidajen da ake tallatawa da "kallon ruwa" a Ikoyi da Lekki Phase 1 tafkin Legas suke kallo ko rafin Five Cowrie, ba teku ba. Kallo ne mai kyau, ban musa ba, musamman da yamma idan fitilun gadar Lekki zuwa Ikoyi suka kama. Amma wanda ya yi wa 'ya'yansa alƙawarin wasa da yashi ya kamata ya san abin da ya biya.

Kusancin yana da nasa haraji. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, tana kashe na'urorin sanyaya ɗaki da wuri, danshi kuma yana haifar da fumfuna a bayan kabad da ƙarƙashin katifa, abin da mai asma zai ji a ƙirjinsa tun daren farko. Uwa uba ambaliya. Victoria Island da Lekki ƙasa ce mai kwari, kusan daidai da ruwan da ke kewaye da ita, idan aka yi ruwan sama mai yawa a lokacin da tafki ya cika, magudanai ba su da inda za su zubar. Wanda ya ga abin da ya faru a Yulin 2017 da Yulin 2024, lokacin da motoci suka nutse a tituna mutane suka kasa fita daga gidajensu, ba zai kama ɗaki a watan Yuni ko Yuli ba tare da ya tambayi halin layin ba. Mai ɗaukar hoto daga cikin falo yake ɗauka, kuma da rani.

Haka sunan unguwa yake ruɗar baƙo. "Lekki" a bakin dillali tana farawa daga Phase 1, ta bi ta Ikate da Osapa da Chevron da Ajah da Sangotedo, ta miƙe har yankin Ibeju inda sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2023 da matatar man Dangote suke, tafiyar kilomita masu yawa. Babban titi guda, na Lekki zuwa Epe, shi ne ke ɗauke da mafi yawan wannan jama'a tare da manyan motoci. Filin jirgin Murtala Muhammed yana Ikeja, a can ɗaya ɓangaren birnin, sai ka ƙetare gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ko 'yan'uwanta. Tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙaramar hukumar Eti-Osa, inda mafi yawan unguwannin nan na Lekki suke, da wasu biyar, don haka babu zancen a hau babur a tsallake gosulo. Idan cikin shirinka akwai gaida dangi a Agege ko Idi-Araba, ko sayayya a Balogun, ko ganin abokan kasuwanci a Mile 12, gida mai matsakaicin kyau a Ikeja GRA ko Yaba zai ba ka hutun da katafaren gida a Sangotedo ba zai ba ka ba, domin a cikin mota za ka ƙarar da kwanakin.

Batun tsada gajere ne. A Disamba, lokacin da 'yan ƙasar mazauna Ingila da Amurka ke dawowa gida shagali, farashi yana bin yawan masu nema ne, ba ingancin gida ba. Kuma gida ɗaya yakan bi ta hannun dillalai biyu ko uku, kowa ya ɗora nasa kamasho a kan hotuna iri ɗaya. Kuɗin da ya ɗaga yana iya zama shaidar tsawon layin dillalai kawai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Babban dalilin da ke sa magidanci ya zaɓi irin wannan gida ya bar otal shi ne sutura: iyali su sake, a dafa abin da aka yarda da shi, babu mashaya a ƙasan bene. To amma salon da ke burge ido a hoto sau da yawa shi ne mai warware wannan manufa. Bangon gilashi da ke kallon tagar maƙwabci, kicin da ke cikin falo ta yadda uwargida ba za ta yi girki ba sai a gaban baƙin maigida, bandaki mai ƙofar gilashi a tsakiyar ɗaki, wurin ninkaya na kowa da kowa a ƙarƙashin baranda. Gidajen da suka fi ƙawa kuma su ne matasa suka fi kamawa don casu, kiɗa har asuba a ɗakin da ke jikin naka. Wannan tambayar mai gida ake yi kai tsaye: ana yin biki a ginin nan? Haka nisan masallaci. Babban masallacin Lekki yana Phase 1, wanda ya sauka a Ajah kuwa sai ya nemi na kusa da shi tun kafin ranar Juma'a.

Za a ce, to wanda ke nesa ya zai yi, tunda hoton ne kaɗai a hannunsa? Ba shi kaɗai ba ne. Wayar da ta kawo hoton tana iya kiran bidiyo. Ka nemi mai kula da gidan, ba dillali ba, ya zagaya da kai kai tsaye. Ya fita ƙofar gida ya nuna maka layin da kwatarsa, ya buɗe famfon bandaki a farin bokiti, ya kunna na'urar kowane ɗaki, ya nuna maka mita da janareta, ya ja labule ka ga abin da tagar ke kallo. Mai gidan kirki ba ya jin haushin wannan, yakan ma yi alfahari da shi. Ka karɓi cikakken adireshi ka auna tafiyar a taswirar waya da ƙarfe bakwai na safe da biyar na yamma a ranar aiki. Ka karanta abin da baƙin baya suka rubuta, ka fi ba na kwanan nan da na damina muhimmanci. In kana da ɗan'uwa a Obalende ko wani wuri kusa, roƙe shi ya taka ya gano maka.

Wajen biya ma hoto ba ya kare kowa, domin sace shi ba wuya, kuma mazambata hotunan da suka fi kyau suke ɗauka. Manhajoji irin su Airbnb suna riƙe kuɗin, ba sa sakar wa mai gida sai bayan baƙo ya shiga, kuma Airbnb tana ba da awa 72 a kai ƙorafi idan an tarar da abin da ya saɓa wa talla. Wanda ya tura kuɗi asusun wani da ya gani a Instagram ya rasa wannan kariya. Idan dole sai ta hannun dillali, a ba da kafin alƙalami kaɗan, a cika sauran bayan an shiga an gani. Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna kuma a rubuta nawa ne, da ranar da za a mayar, sannan ranar shiga a ɗauki bidiyon duk wani tabo a kujera da tsaga a gilashi a tura wa mai kula da gidan nan take, kafin yara su sauke jakunkunansu.