Jinyar Yaro a Asibitocin Daura: Abin da Iyaye Ke Dubawa

A ƙasar Daura, idan aka ba yaro gado a asibiti, mutum biyu aka kwantar: shi da mai jinyarsa. Uwa ko kaka ce ke shimfiɗa tabarma a gefen gadon, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta sa ido a kan robar ƙarin ruwa don ta kira nas kafin ta ƙare. Uba kuwa yana waje, yana kai da komo tsakanin wurin yankar kati, ɗakin gwaji da kemis.

Majinyata na zuwa ne daga ƙananan hukumomin masarautar Daura guda biyar, wato Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, har da na tsallaken iyakar Nijar. Garin Daura yana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da asibitin sojojin sama da aka buɗe a 2019, abin da ya gagara kuma a tura Katsina ko Kano. Ɗakin yara ya fi cika daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzabin cizon sauro ke haɗuwa da tamowa, rumbu kuma ya yi ƙasa.

Farkon abin da iyaye ke auna asibiti da shi shi ne tarba. Wanda ya taho daga ƙauyen Baure da yaro yana jijjiga ba ya manta tsawon zaman da ya yi kafin a duba shi. Kuɗi na biye: magani, gwaji, da neman wanda zai ba da jini. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, sai dai ba kowane uba ya san da ita ba.

Amma abin da ya fi zama a zuciya shi ne bayani. Likita kan yi zagaye da safe, ya yi magana da abokan aikinsa da Turanci, ya rubuta a fayil ya wuce, uwa tana tsaye ba ta san me ke damun ɗanta ba. Kunya kan hana ta tambaya, musamman idan ɗan fari ne, wanda a al'ada ko sunansa ba ta faɗa. Shi ya sa sau da yawa kaka ce ke magana. Idan aka tarbe ta da faɗan "me ya sa sai yanzu kuka kawo shi?", sai ta ɓoye jiƙe-jiƙen da aka ba yaron a gida, alhali likita na buƙatar sanin su. Nas ɗin da ta ce "sannu, ya mai jiki?" ta kuma yi bayanin allura da Hausa, ita ake ambata da alheri bayan sallama.

Auna gamsuwar iyaye a nan yana da wuya. Bahaushe ba ya kushe wanda ya taimaki ɗansa a gaban idonsa. Ko ransa ya ɓaci, "mun gode Allah" zai ce. Ainihin hukuncin yana fitowa ne a bakin 'yan dubiya, da kuma ranar da wani yaron ya kwanta: ko a nufi asibiti tun da wuri, ko a tsaya a kemis ɗin unguwa.