Yadda Juyin Mulkin Nijar Ya Durƙusar Da Fataucin Bakin Iyaka

Ran 26 ga watan Yuli, 2023, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Jamhuriyar Nijar. Bayan kwana huɗu ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha.

Manufar ita ce a matsa wa sojojin lamba, amma fatake da talakawa ne suka ji jiki. Motocin kaya suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe a hanya, farashin shinkafa ya tashi a Yamai. Da hanyar halal ta toshe, sai kaya suka koma bin ɓarauniyar hanya, kuɗin fito ya kuɓuce wa baitulmali.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairu, 2024, ba tare da sojojin sun sauka ba. A Janairun 2025 kuwa Nijar ta fice daga ƙungiyar ɗungurungum. Fataken da suka yi asarar jari su suka biya kuɗin rikicin da ba su haddasa ba.